Daga Gotar Nima zuwa Niyu Olins: Tambayoyin Masu Sauraro kan Shirinmu na Muhalli da Kiɗan Jaz

Assalamu alaikum. Mu 'yan aikin sa-kai ne a wata ƙaramar tashar rediyo ta al'umma a nan Akra, babban birnin Gana, ko Ankara kamar yadda iyayenmu suka saba faɗi. Duk daren Asabar bayan sallar isha'i muna da awa biyu. Awar farko labaran muhalli ce da Hausa. A ta biyu makaɗa ke shigowa situdiyo su yi kiɗan jaz kai tsaye. Tambayoyin nan su ne aka fi tare mu da su a hanya da wajen masu shayi, wasu kuma ta waya suka zo. Ni na fi kowa daɗewa a shirin, shi ya sa aka ɗora mini amsawa.

Me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan maganar bola da kiɗan jaz?

Gaskiyar magana, rashi ne ya fara haɗa su. Awa biyu tashar ke da ita a daren Asabar, masu nema kuma kashi biyu: samarin da ke yashe gota, wato lambatu, a unguwa, da wasu makaɗa da ba su da inda za su yi wasa. Aka ce su raba. Kowa ya shiga yana hararar ɗan'uwansa.

Daga baya muka gane auren ya dace. Garin da aka haifi jaz shi ne Niyu Olins na Amurka, a bakin kogin Misisifi, kuma unguwanninsa da yawa sun fi teku ƙasa. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta zo, katangun tare ruwa suka fashe, kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse. A garin akwai tashar al'umma mai suna WWOZ, wadda ta fara aiki a 1980, kuma yawancin masu gabatar da shirye-shiryenta 'yan sa-kai ne irinmu. Guguwar ta rufe mata baki, ta koma watsawa ta intanet, ta riƙa sanar da jama'a makaɗan da aka tabbatar suna raye. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwashe ruwa da bokiti a unguwar Alajo ta nan Akra ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wane irin labarin muhalli kuke kawowa? Na narkewar ƙanƙara a ƙasashen Turawa?

Mukan taɓo shi jefi-jefi, tunda tekun da yake cikawa shi ne ke cin gaɓar Keta da Ada. Amma abin da ke ƙofar gida shi ke cinye mana lokaci.

Ɗauki babban lambatun nan da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi, wanda mu nan muke ce wa gota. Ruwansa a kogin Odaw yake zuba, Odaw ya bi ta shataletalen Circle ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Ledar piya wata ɗin da ka wurga a Nima ba ta ɓata ba, tafiya ta kama. Tana haɗuwa da 'yan'uwanta da yashi da tsummokaran gwanjo su toshe ƙarƙashin gada. Idan aka yi sa'ar banza, ruwan sama mai ƙarfi ya zo daidai lokacin da teku ta cika, Odaw ba ya samun inda zai zuba, sai ya dawo da baya cikin gidajen mutane.

Haka aka yi a daren 3 ga watan Yuni 2015. Jama'a sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da Circle, man fetur ya malalo a saman ambaliya, wuta ta tashi a kan ruwa. Mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan Musulmin da ke cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Tun daga watan Afrilu, da babbar damina ta kawo kai, har tsakiyar Yuli, babu Asabar ɗin da ba ma maganar gota, ko da masu sauraro sun gaji da mu.

Da hunturu kuma ƙura ce da masu asma. Akwai hayaƙin wayoyin lantarki da ake ƙonawa don a cire jan ƙarfe. An rushe kasuwar tsoffin ƙarafa ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa ta yi, hayaƙin ya shiga lunguna. Akwai ragowar gwanjon kasuwar Kantamanto da ke ƙarewa a bakin tekun Jamestown, ya nannaɗe kamar igiya. Duk waɗannan namu ne.

A ina kuke samo labaran? Ta yaya zan san ba jita-jita ba ce?

Hasashen ruwa daga hukumar kula da yanayi ta Gana muke ɗauka. Gargaɗin ambaliya daga NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. Idan za a buɗe madatsar Weija da ke kan kogin Densu, sanarwar kamfanin ruwa muke fassarawa. Aikinmu a nan shi ne mu mai da Turancin ofis ya zama maganar da Hajiya mai koko za ta yi amfani da ita: ruwa zai yi ƙarfi da la'asar, a ɗauke gawayi daga ƙasa, kada yara su bi ta gada.

Sauran kuma daga gare ku yake zuwa, ta saƙon murya a WhatsApp. Ƙa'idarmu ita ce sai mutum biyu daga gida daban-daban sun faɗi abu ɗaya, ko ɗayanmu ya hau babur ya je ya gani, tunda gani ya kori ji. Mun taɓa shan kunya. Wani bidiyo na ambaliya ya zagaya, muka ambace shi a iska, ashe ba na ƙasar nan ba ne ma. Asabar ta gaba ni da bakina na nemi afuwa. Tun daga ranar ba ma karanta abin da aka turo da "an ce".

Mu muna Akra, galamse kuma, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, yana can daji. Me ya shafe mu?

Wani ƙanena ne direban torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, ya yi wannan tambayar, kuma na ji daɗinta. Ruwan famfon Akra daga Weija da Kpong yake zuwa, na Kumasi daga Barekese da Owabi. Barekese a kan kogin Offin take, kuma Offin na cikin kogunan da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suka lalata, shi da Pra da Ankobra da Birim. Wanda ya tsallaka Pra a 'yan shekarun nan ya ga launinsa, kamar kunun da aka dama da jar ƙasa. Duk lokacin da laka ta ƙaru, maganin tace ruwa na ƙaruwa, injuna na lalacewa. A 2024 kamfanin ruwa ya fito ya ce lakar Pra ta hana shi wadatar da Cape Coast da Elmina. Kuɗin tacewar nan kuwa a aljihunka yake ƙarewa.

Laka ma da sauƙi, tunda ana ganinta. Wadda ba a gani ita ce zaiba. Da ita ake kama ƙurar zinariya, sannan a ƙona ta ta tashi a iska, ragowar ta bi ruwa. Tana taruwa a jikin kifi, daga kifi ta shiga mutum, ta taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ɗan da ke ciki. Kifin da rogon da ke zuwa kasuwar Nima ba a rubuta musu garinsu a goshi ba.

Abin da ba ma so mu faɗa da ƙarfi shi ne akwai yaranmu na zango, unguwanninmu na Hausawa, a cikin ramukan nan, rashin aiki ya kai su. Don haka ba zagi muke yi a shirin ba. Kuma ba mu manta ba, jirgin sojan da ya faɗi ranar 6 ga Agusta 2025 da mutum takwas, ciki har da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, Obuasi ya nufa, wajen taro kan wannan matsalar ta haƙar zinariya.

Ba kwa tsoro?

Muna yi mana. A watan Janairun 2022 wasu mutane sun kutsa Rediyo Ada, tashar al'umma irin tamu, suka farfasa kayan aiki, a lokacin da tashar ke bin diddigin rikicin tafkin gishiri na Songor. Mun ɗauki darasi. Ba ma kiran sunan kowa sai da takarda a hannu, kuma wanda aka zarga muna ba shi makirfo ya kare kansa.

Don me kuka sa mahauta a gaba?

Baba Alhaji, a yi mana aikin gafara, ba mu sa kowa a gaba ba. Mahautan nan iyayenmu ne, a cikinmu ma akwai ɗan mahauci. Abin da muka ce shi ne babbaka da tsohuwar taya na da illa. Baƙin hayaƙin nan huhun mai babbakar yake fara shiga kafin na maƙwabta, dattinsa kuma yana zama a jikin ganda da kai da ƙafa da za a ci. Mun san dalili: taya kusan kyauta ce, itace da gas kuɗi ne. Shi ya sa muka gayyaci masu sana'ar suka zo suka yi lissafin da bakinsu a iska. Kafin babbar salla ma mukan roƙi a daina juye kayan tumbin rago a gota. A haƙa rami a binne.

To shi jaz ɗin mene ne? Ni dai hayaniya nake ji, kowa na busa nasa.

Kowa haka yake ji da farko, har ni. Bari in kwatanta da abin da ka sani.

Ka taɓa zama kusa da mai kalangu a gidan biki? Yana da taken da ya fara da shi, wanda kowa ya sani. Sai wani baƙo ya shigo, ya karkata kiɗan ya yi masa kirari, ya ja, ya tsaya, ya yi wa abokinsa habaici da ganga, abokin ya rama. Duk wannan yawon da yake yi bai saki taken ba, kuma a ƙarshe nan zai dawo. Bai rubuta komai a gida ba, a wurin ya ƙirƙira, amma ba da ka yake yi ba.

Jaz ke nan. Ana fara wa da jigon waƙa, kowa ya busa tare. Sai a sakar wa mutum ɗaya fili, a ce mai saksafon, ya yi ta ƙirƙirar nasa a kan ginshiƙin jigon, mai bes da mai ganga suna riƙe masa ƙasa. In ya gama ya miƙa wa mai fiyano, shi ma ya faɗi tasa. Wani lokaci mai busa da mai ganga su riƙa musayar gajerun jimloli, wannan ya faɗa wancan ya mayar, tamkar mawaƙi da 'yan amshi. Daga ƙarshe a koma kan jigo a rufe. Shi ya sa waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu.

Shawarata ita ce, ranar farko kada ka bi mai busa. Kama mai bes, wannan babbar molon da ake tsayar da ita a ƙasa. Shi ne ke taka hanya ɗaya bayan ɗaya kamar raƙumi. In kunnenka ya riƙe shi, za ka ji sauran duk a kansa suke hawa da sauka.

Amma ai kiɗan Turawa ne. Ina namu?

Jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar nan ne suka ƙirƙire shi a farkon ƙarni na 20, da kayan busar sojan Turawa a hannunsu da kiɗan kakanninsu a kunnensu. Ɗan'uwa ne da ya yi nisan zango ya dawo da wani harshe.

Kuma ya daɗe da dawowa. A watan Mayun 1956, ƙasar nan ba ta ma samu 'yancin kai ba, Louis Armstrong ya sauka a Akra. Makaɗan hailaif, kiɗan zamani na Gana, ciki har da E.T. Mensah, suka tare shi a filin jirgi da kiɗa, ya yi wasa a tsohon filin folo a gaban ɗimbin jama'a, ya kuma gana da Kwame Nkrumah. An ruwaito cewa ya hango wata mata a cikin masu rawa ya ce kamarsu ɗaya da mahaifiyarsa.

Akwai kuma Guy Warren, haifaffen Akra a 1923, wanda ya yi ganga a ƙungiyar Tempos kafin ya tafi Shikago. Shi ne ya shigar da gangar hammata, wadda mutanen nan ke kira donno, mu kuma muke ganin kalangunmu a jikinta, cikin jaz ɗin Amurka. Bai samu karɓuwar da yake so ba, ya dawo gida, ya sauya suna zuwa Kofi Ghanaba, ya rasu a 2008. Sai Yusef Lateef, babban mai busa na Amurka, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Mutumin da duniya ke biyan kuɗi ta saurara, shi ya zo ya durƙusa gaban makiyaya yana koyo.

A shirinmu ba ma yin daren da babu kayan gida. In ba kalangu ba to goge, in ba goge ba to kologo, molon mutanen Bolga.

Malam ya ce kiɗa haramun ne. Me za ku ce?

Ba za mu ce komai ba, don mu ba malamai ba ne, kuma rediyo ba wurin da ɗan sa-kai zai ba da fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ke hannunmu mun yi. Labarai ne a gaba, kiɗa a baya, kuma muna sanarwa kafin a fara, don wanda ba ya so ya kashe rediyonsa bai rasa komai ba. Babu giya a situdiyo, babu waƙar batsa. Da azumi kuma awa ta biyun ma hira ce.

Wasu samari kan kawo hujjar cewa manyan makaɗan jaz irin su Ahmad Jamal da Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu sun musulunta. Haka ne, tarihi ne, amma ba na so a riƙa kai wa malamai shi a matsayin dalili.

Me ya sa sai kai tsaye? Ku sa faifai mana ku huta.

Da mun huta kam. Ɗakin namu bai fi shagon tela biyu ba. Ganga tana cika ɗaki, goge kuma muryarsa siririya ce, don haka mai ganga can lungu muke kai shi mu kewaye shi da katifu, mai goge kuma makirfo har kusa da ƙwaryarsa. Fanka ma sai an kashe ta saboda ƙararta na shiga, kowa ya yi sharkaf da gumi. Sannan fiyano muryoyinsa a ƙayyade suke, goge da kalangu kuwa suna zamewa tsakanin murya da murya, sai an ɗauki lokaci kafin su daidaita.

Amma abin da faifai ba zai ba ka ba shi ne wannan: wani dare ana tsakiyar wasa wuta ta ɗauke. Na'urar watsawa da makirfo biyu suka koma kan batir, fiyanon lantarki da bes suka mutu. Ɗakin ya yi duhu. Mai kalangu bai tsaya ba, mai saksafon ya laluba ya bi shi, su biyu kaɗai suka yi ta magana har aka tada janareta. Har yau in an tare ni a Sabon Zango daren nan ake tambayata, ba darerakun da komai ya tafi daidai ba.

Ku da kuke wa'azin muhalli, ƙarar kiɗanku ba damuwa ba ce ga maƙwabta?

An kama mu a nan. Ƙara ma gurɓata muhalli ce. Ma'aunin hukumar kare muhalli a unguwar zama shi ne disibel 55 da rana, 48 da dare, wato bai wuce hirar mutane a tsakar gida ba. Mun toshe tagogi, ba ma sa lasifika a waje, ƙarfe goma kuma an nannaɗe waya.

Akwai kuma lokacin da sarakunan gargajiya na ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni, gabanin bikin Homowo. Ƙasarsu muke zaune, kakanninsu ne suka ba kakanninmu wurin kafa zango. A makonnin nan ba a buga ganga a situdiyonmu. Mukan cike gurbin da hira da tsofaffin makaɗa, kuma dama lokacin ne damina ke kan ganiyarta, maganar gota ta ishe mu.

Mene ne bambancin tashar al'umma da sauran tashoshi?

Ba ta neman riba, ba ta gwamnati ba ce, kuma mutanen wurin ne ke yin shirye-shiryen da harshensu. Rediyo ya shigo ƙasar nan a 1935 da tashar ZOY, wadda ta zama GBC, gidan rediyon gwamnati, kuma Hausa na cikin harsunan da ta daɗe tana watsawa da su. Sai bayan tsarin mulkin 1992 aka buɗe iska ga kowa. Rediyo Ada ta fara a 1998 da harshen Dangme, a 1999 kuma aka kafa ƙungiyar tashoshin al'umma ta ƙasa. Hukumar sadarwa ta NCA ce ke ba da zangon da tasha za ta riƙa watsawa a kai.

Ina Kumasi, ba na kama ku.

Ba za ka kama ba, ɗan'uwa. Zangon FM kusan iyakar inda eriya ke hangowa yake kaiwa, tamu kuma gajeriya ce. Mutanen Aboabo da Asawase mukan tura musu awar labarai ta WhatsApp ranar Lahadi. Ku ma ku aiko mana da labarin rafin Aboabo da na Subin, mun san abin da suke yi muku da damina.

Ana biyan makaɗan?

Kuɗin mota da kwanon wake da shinkafa. Ba abin alfahari ba ne, kuma ba ma ɓoye wa kowa kafin ya zo. Wanda ya yi wasa muna ba shi kwafin abin da aka naɗa, nasa ne, ba ma sayarwa. Muna kuma ba su shawara su yi rajista da GHAMRO, mai karɓar wa mawaƙa haƙƙin waƙoƙinsu.

Ina so in shiga. Ta ina zan fara?

In labarai ne, wayarka ta isa. Faɗi unguwarka, da abin da ka gani da idonka, da lokacin da ka gan shi, cikin minti ɗaya. Mata muke nema musamman, don su ne suka san ranar da famfo ya ƙafe da farashin jarka, amma muryoyinsu sun yi kaɗan a shirin.

In kiɗa ne, zo ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin gwaji. Ba sai ka iya karatun kiɗa a takarda ba, mai kalangunmu ma bai iya ba. Zo da kayanka, da tawul na share gumi. In ka ga hadari ya haɗu ta gabas kada ka taso, hanyar situdiyon ma ruwa na cinye ta, kuma fatar kalangu ba ta son laima.